Yadda Ake Niƙa Gahawa da Injin Masoro na Hannu

Sau da yawa a Kano akan kawo wa mutum tsarabar gahawa daga Makka ko Madina, ko ya samo wadda ake nomawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, sai ya buɗe leda ya tarar da ƙwayoyi soyayyu maimakon gari, alhali babu injin niƙa gahawa a gidan. Kai ta wurin mai injin niƙa na unguwa ba mafita ba ce, domin injin da ya wuni yana cin masara da busasshen barkono zai bar mata warinsu, kuma 'yar ledar da ba ta cika gwangwani biyu ba rabinta zai maƙale a cikinsa. Idan akwai ɗan injin niƙa masoro na hannu a kicin, irin mai kama da kwalba wanda ake murɗa kansa garin masoro ya zubo ta ƙasa, to zai iya wannan aiki, muddin abin da ake so bai wuce kofi ɗaya ko biyu ba, kuma muddin an bi shi da haƙuri.

Dalilin da ya sa yake iyawa shi ne asalinsu ɗaya da injin gahawa. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda muka fi sani da motocin Fijo da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ya fara ƙera injin niƙa gahawa na hannu tun 1840, sannan a 1874 ya fito da na masoro. A cikin kowannensu akwai wani dunƙulen ƙarfe mai haƙora da ke juyawa a tsakiyar zobe, shi ma mai haƙora, kuma ratar da ke tsakaninsu tana da faɗi daga sama tana tsukewa zuwa ƙasa. Ƙwaya takan faɗa cikin ratar ta fashe, ta ci gaba da gangarawa tana ƙara murƙushewa, har sai ta yi ƙanƙantar da za ta iya fita. Wannan ne ya sa garinsa ya fi na bilenda daidaito, saboda wuƙar bilenda sara take yi ba tare da ma'auni ba, wani sashe ya zama ƙura, wani kuma ya rage guntu-guntu.

Bambancin yana ga girma. Ƙwayar masoro ba ta cika wuce milimita 5 ba, ita kuwa ta gahawa tsawonta yakan kai milimita 10 ko fiye, saboda haka idan aka zuba ta yadda take, sai ta zauna a saman haƙoran tana juyi, a yi ta murɗawa ba abin da ke fitowa. A nan ne mafi yawan masu gwadawa suke yanke hukuncin cewa abin ba ya yiwuwa, alhali maganin matsalar a farfasa ƙwayoyin ne kafin a zuba.

Kafin a kai ga nan, a fara duba injin kansa. A juya shi a kalli ƙasansa da kyau. Idan haƙoran na ƙarfe ne ko na tangaran, wanda akan gane shi da fari ko ruwan toka da kuma tauri, to a ci gaba. Idan na roba ne, irin waɗanda suke zuwa a manne da bakin kwalbar masoro ta kanti, a haƙura da shi, domin gahawa za ta cinye haƙoran, ɓurɓushin robar kuma ya gauraya da garin da za a sha.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne raba injin da masoro. Ƙamshin masoro daga mansa yake fitowa, man kuma yana laƙewa a lungunan haƙora da jikin injin, musamman idan na katako ne. A kwance notin da ke saman kai, a cire murfin, a juye sauran masoron a cikin kwano, sannan a kife injin a bubbuga shi a tafin hannu. A sami busasshen buroshin goge baki wanda ba a taɓa amfani da shi ba, a bi haƙoran ta ƙasa da ta ciki a karkaɗe su, a kuma cusa busasshen ƙyalle a goge cikin. Kada a sa ruwa ko sabulu: ƙarfen zai yi tsatsa, katakon zai kumbura, ƙamshin sabulun kuma ya fi na masoron wuyar fita.

Bayan haka sai a zuba cokali ɗaya na ɗanyar shinkafa a niƙa ta. Shinkafar tuwo ce ta dace da wannan, domin ta fi turararriyar shinkafar dafa-duka saurin murƙushewa, ba za ta wahalar da haƙoran ba, garinta kuma yana tsotse mai. Garin farko zai fito da ɗigo-ɗigon baƙi, yana kuma sa atishawa. A zubar da shi, a sake zuba wani cokali, a ci gaba da haka har sai gari ya fito fari tas, kuma idan aka kai shi hanci ba a jin yaji. Wasu kan yi wannan da gishiri, amma ban ba da shawarar haka ba ga injin ƙarfe, saboda gishiri yana jawo tsatsa. Daga ƙarshe a farfasa ƙwayar gahawa kamar goma a niƙa a zubar, domin ta kwashe garin shinkafar da ya rage. Injin katako da ya shekara yana niƙa masoro ba zai rabu da ƙamshinsa gaba ɗaya ba. Ga wanda dama yake dafa gahawarsa da citta da kanumfari da kirfa, ɗan wannan ƙamshi ba zai dame shi ba, amma wanda yake son jin ɗanɗanon gahawa zalla gara ya sayi sabon inji ya keɓe mata shi.

Sai awo. Ma'aunin da masu dafa gahawa suka fi bi shi ne kimanin giram 60 ga ruwa lita ɗaya, wato giram 15 ga kofi mai cin mililita 250. Ga wanda ba shi da sikeli, hakan ya yi daidai da babban cokalin cin abinci biyu a cike da tozo, ko da ɗan ƙari. A auna abin da za a sha a wannan zama kaɗai, domin duk amfanin wannan wahala shi ne ƙamshin sabon niƙa, wanda yake fara gushewa da zarar gari ya haɗu da iska.

A zuba ƙwayoyin a ƙaramin turmin daka kayan ƙamshi mai tsabta, a danna su da taɓarya a hankali. Idan turmin yana warin tafarnuwa ko daddawa, a bar shi, a naɗe ƙwayoyin a cikin ƙyalle mai kauri, a ɗora a kan katako, a riƙa dannawa da gindin kwalba ko muciya. Ba daka ake so ba. Abin da ake nema shi ne kowace ƙwaya ta rabu gida uku ko huɗu, kowane yanki ya yi kusan girman ƙwayar masoro. Za a ji ƙarar fashewarsu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ƙyallen, idan ƙarar ta ragu sai a buɗe a duba, a tsince waɗanda suka tsira a sake danna su. Za a kuma ga wata siririyar fata mai ruwan ƙasa tana fita daga tsagar ƙwayar. Ba ta da illa, ana iya hure ta.

Irin suyar da aka yi wa gahawar yana da tasiri sosai a nan. Wadda aka soya ta yi duhu tana da gautsi, tana fashewa da sauƙi, sai dai tana da maiƙo da kan toshe haƙora. Wadda aka yi wa suya sama-sama, kamar irin ta Saudiyya mai launin soyayyar gyaɗa, tauri gare ta ƙwarai, don haka sai an farfasa ta ƙanana fiye da waccan, kuma a riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan. Ɗanyar gahawa kuwa, wadda launinta ya yi kore-kore, kada a kuskura a sa ta a inji ko kaɗan, sai an soya ta a busasshen kasko ta kuma huce sarai.

Yanzu a zuba farfasassun ƙwayoyin, kada su wuce rabin cikin injin, domin su sami wurin motsawa su gangara. A mayar da murfi. A mafi yawan irin waɗannan injina notin sama shi ne ma'aunin laushi: idan aka ɗaure shi, ratar haƙora ta tsuke gari ya yi laushi, idan aka sassauta ta buɗe ya fito da tsaki-tsaki. Wasu kuma ma'auninsu yana ƙasa ne, ɗan dunƙule a tsakiyar haƙoran ko zobe mai lambobi. A fara daga sassauci. A murɗa kan zuwa dama kamar sau goma a saman farin faranti, a tsaya a duba abin da ya zubo, a murza shi tsakanin yatsu. Idan ya yi girma a ɗan ƙara ɗaure notin, kamar kwatan juyi, a sake gwadawa. Farawa da ɗaurarren noti kuskure ne, domin yakan sa injin ya cije tun a murɗawar farko.

Idan ya cije, kada a sa ƙarfi. A ɗan mayar da kan baya, a girgiza injin, a bubbuga gefensa, sannan a ci gaba. Sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyarsa siririya ce, an yi ta ne daidai ƙarfin masoro, kuma tilasta mata yakan lanƙwasa ta ko ya cinye ramin da ta shiga a murfi, daga nan kan ya riƙa juyawa shi kaɗai. Haka nan idan aka ji murɗawar ta yi sauƙi kwatsam kuma gari ya daina zuba, ƙwayoyin ne suka tokare juna a sama, girgizawa kaɗai suke buƙata. Abin da ke fita a kowace murɗawa ɗan kaɗan ne, saboda haka niƙan kofi ɗaya yakan ɗauki mintuna da dama, wuyan hannu kuma yakan gaji. Injin da ke da mariƙi a sama wanda ake juyawa ba tsayawa, kamar dogayen nan na tagulla ƙirar Turkiyya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Dabara mai kyau ita ce a fara niƙan kafin a ɗora ruwa a wuta.

Daidaiton garin ya cancanci kulawa, domin shi ne ke raba gahawa mai daɗi da marar daɗi. Ruwan zafi yana saurin tsotse gari mai laushi har ya fito da ɗacinsa, yayin da manyan gutsattsari ba ya ratsa su, sai su ba da tsami da salam. Idan biyun suka haɗu a kofi ɗaya, sai a ji ɗaci da tsami tare. Maganinsa shi ne a tankaɗe garin da matacin shayi mai ɗan faɗin ido, a mayar da manyan da suka rage a sama cikin injin, a ƙara ɗaure notin kaɗan a sake niƙa su. Niƙa sau biyu ta wannan hanya ya fi sauƙi ga hannu da injin a kan neman laushi a karo ɗaya.

Laushin da za a nema ya danganta da yadda za a dafa. Gahawar Larabawa da ake tafasawa a buta kamar minti 10 zuwa 15 a kan wuta kaɗan, a sha a finjali da dabino, ɓarzajjen gari take so, kuma a nan ne injin masoro ya fi taka rawa. Haka ma idan jiƙawa za a yi: a sauke ruwan da ya tafasa, a bar shi kamar rabin minti domin zafinsa ya sauko tsakanin digiri 90 da 96, a zuba a kan gari mai girman tsakin masara ƙanana, a rufe minti 4, sannan a tace. Wanda zai tace ta takarda yana buƙatar gari da ya ɗan fi wannan laushi, kuma ana samunsa da niƙa sau biyu. Amma gahawar Turkiyya, wadda garinta yake da laushin fulawa, da kuma irin wadda ake matsewa da na'ura a gidajen shan gahawa, injin masoro na yau da kullum ba zai kai ga laushinsu ba, kuma nacewa a kan haka lalata shi kawai zai yi. Kofin farko shi ne alƙali: idan ɗaci ya yi yawa a sassauta notin a karo na gaba, idan ta yi tsami da ruwa-ruwa a ƙara ɗaurewa.

Da an gama, a niƙe duk abin da ya rage a ciki, a sake bin haƙoran da buroshi. Man gahawa yana saurin canja wari a zafin Kano, musamman a bazara daga Maris zuwa Mayu, kuma ragowar da ta kwana biyu a cikin inji za ta ɓata niƙa na gaba. Da damina a ajiye injin nesa da tururin tukunya saboda tsatsa. Da hunturu kuwa bushewar iska takan sa garin ya riƙa mannewa a gindin injin, sai an kaɗe shi da yatsa. Idan za a mayar da shi aikin masoro, a sake bin sa da shinkafar tuwo, don kada ɗacin gahawa ya shiga miya. Sauran ƙwayoyin kuma a zuba su a kwalba mai murfi da ke rufuwa ruf, a ajiye a inuwa nesa da kayan yaji, domin gahawa tana ɗaukar warin abin da ke kusa da ita.

Idan baƙi ne suka cika zaure, ko ana son cika filas domin shan ruwa da azumi, wannan inji ba zai wadatar ba. A irin wannan hali a daka gahawar a turmi mai tsabta, a tankaɗe da rariya, a sake daka tsakin har ya daidaita. Wanda kuma ya ga shan gahawa ya zame masa na kullum, ya dace ya nemi injin niƙa gahawa na hannu, wanda bakinsa yake da faɗin karɓar ƙwaya ba tare da an farfasa ta ba, kuma yake gama niƙan kofi ɗaya cikin minti ɗaya ko biyu.