Yadda na gyara Ape Escape da ya ƙi karɓar abin sarrafawa

Wasan ya buɗe a manhajar kwaikwayon PlayStation a kwamfuta, sai ya tsaya cak yana neman DualShock, wato abin sarrafa wasa na PlayStation mai sandunan analog. Dalili shi ne tun fitowarsa a 1999 an gina shi kan sandunan analog biyu: ta hagu ke tafiyar da Spike, jarumin wasan, ta dama ke kaɗa ragar kamun birai da sauran kayan aiki. Ita kuwa manhajar ta ɗauki abin hannuna a matsayin tsohon samfuri mai maɓallai zalla.

Na shiga saiti na mayar da abin hannun analog, na sake kunna wasan, nan take ya wuce. Ragar dai tana ɗan makara, abin haushi idan biri na gudu, sai na ƙara wa sandar dama saurin amsawa. Tsalle kuma yana kan maɓallin R1, kada ka neme shi a maɓallin X.