Kurakuran da Fasinjoji Suka Fi Yi a Motar Bas ta Cikin Gari da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya saba hawa motar bas ta cikin gari safe da yamma ya san cewa nisan tafiya bai kai halayen abokan tafiya gajiyarwa ba. Ƙananan abubuwa ne suke taruwa ɗaya bayan ɗaya har su ɓata wa mutum rai tun bai isa inda ya nufa ba. Galibin masu yin su ba su da mugun nufi. Mantawa kawai suke yi cewa wuri da lokaci a cikin bas na tarayya ne, wato duk taƙin da mutum ya ci fiye da rabonsa daga wani ya karɓe shi, duk daƙiƙar da ya ɓata kuma ta kowa ce da ke cikin motar.

Kuskure na farko a bakin ƙofa ake yin sa, kuma shi ne ya fi kowanne tsada. Da zarar bas ta tsaya sai masu jira su yi caa a kan ƙofa, alhali masu sauka ba su fito ba, sai a yi cirko-cirko, na ciki ya kasa fita, na waje ya kasa shiga. Sauri ya haifi nawa ke nan, domin kujerar da mai shiga yake hanƙoro ba za ta samu ba sai mai ita ya sauka. Gyaran ba shi da wuya: a tsaya gefen ƙofa, a bar tsakiya a buɗe har mutum na ƙarshe ya fito, sa'an nan a shiga bi da bi, wanda ya riga zuwa ya riga shiga. Abokin wannan kuskure shi ne isowa gaban direba ko kwandasta kafin a fara laluben kuɗi ko kati a ƙasan jaka. Lokacin jira a tasha an yi shi ne don irin wannan shiri, kuma wanda ya daɗe a tsaye yana jiran mota ba shi da uzurin cewa isowarta ta zo masa ba zato.

Wani zai ce daƙiƙa goma ba komai ba ce, amma lissafi bai yarda da shi ba. A ƙaddara bas tana da tasha 30 a hanyarta, a kowace tasha kuma an ɓata daƙiƙa 10 a banza. Minti 5 ke nan suka tafi, idan kuwa mutum 60 ne a ciki, jimillar abin da aka cinye musu ya kai awa 5. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Bas ɗin da ta makara takan tarar da mutane sun ƙaru a tasha ta gaba, sai ɗaukarsu ya ƙara mata jinkiri, ita kuwa wadda ke biye da ita ta tarar da tashoshi kusan babu kowa, sai ta yi ta wucewa har ta cim mata. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai daɗe yana jira babu mota, sai ga biyu ko uku sun iso a jere, ta gaba maƙil, ta baya wayam. Saboda rage tsayuwa a bakin ƙofa ne birane da dama suka koma biya da kati. Motocin bas na birnin Landan, alal misali, sun daina karɓar tsabar kuɗi tun shekarar 2014. Sai dai na'ura ba ta iya fito wa fasinja da katinsa daga aljihu.

Bayan an shiga, kuskuren da ke biye shi ne kafewa daf da ƙofa. Mutum zai tsaya nan don tsoron kada a wuce da shi tasharsa, na bayansa ma ya tsaya, cikin ɗan lokaci gaba ta cushe har direba ya ga kamar motar ta cika ya bar mutane a tasha, alhali can baya akwai filin da zai ɗauki wasu da yawa. Wanda tafiyarsa ke da nisa ya matsa ciki sosai, ya fara matsowa kusa da ƙofa idan saura tasha ɗaya ya sauka. Wanda kuma cunkoso ya tilasta masa tsayuwa a bakin ƙofa, abin da ya dace shi ne ya sauka na ɗan lokaci ya ba masu fita hanya, sa'an nan ya koma.

Jakar goyo ma tana da nata laifin. Mai ita ba ya ganin bayansa, don haka duk juyin da ya yi sai ta bugi fuskar wanda ke zaune ko ta tokare ƙirjin wanda ke tsaye, shi kuwa bai ma san an yi ba. A sauke ta tun kafin a shiga, a riƙe ta a hannu ko a ajiye ta tsakanin ƙafafu; hakan ya fi tsare ta daga masu yankan aljihu ma. Haka nan jingina da dukan jiki a kan ƙarfen riƙewa yana hana mutum uku ko huɗu wurin kamawa. Tsayuwa ba tare da riƙe komai ba, hannu biyu a kan waya, ta wuce rashin ladabi ta zama ganganci: motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa, idan direba ya taka birki farat ɗaya jikin da bai riƙe komai ba zai ci gaba da wannan gudun, ya faɗa kan wanda ke gabansa, wanda mai yiwuwa tsoho ne ko mai goyo.

A kan kujera kuwa, abin da aka fi gani shi ne ɗora jaka a kujerar gefe a kau da kai, ko zama a bakin hanya a bar ta jikin taga babu kowa don kada wani ya zauna. Idan motar ba ta cika ba babu laifi a ajiye kaya a gefe, amma da zarar an ga mutum ɗaya a tsaye, kayan su koma kan cinya ba tare da an jira an roƙa ba, domin akwai masu kunya da yawa da za su gwammace su tsaya har ƙarshen tafiya da su buɗe baki su nemi abin da yake haƙƙinsu. Buɗe ƙafafu har a ci rabin kujerar maƙwabci shi ma ya zama ruwan dare, har hukumar motocin bas ta birnin Madrid a ƙasar Sifen ta liƙa alamar hana shi a motocinta a shekarar 2017.

Inda ya fi cancanta a tsaya a yi nazari shi ne batun kujerun da aka keɓe wa tsofaffi, masu juna biyu, masu ɗauke da jarirai da masu buƙata ta musamman. An sa su kusa da ƙofa ne da hikima, don mai rauni kada ya yi doguwar tafiya cikin mota tana motsi. Zama a kansu lokacin da babu mai buƙata ba laifi ba ne. Laifin shi ne a zauna a sunkuyar da kai kan waya, ko a rufe ido kamar ana barci, don kada a haɗa ido da dattijon da ya shigo. Wanda ya zauna a irin wannan kujera ya ɗauki nauyin ɗaga kai a kowace tasha. Yadda ake miƙa kujerar ma yana da muhimmanci. A miƙe tsaye tukuna sa'an nan a ce, "Baba, ga wuri," ko "Mama, ki zauna," domin tambayar mutum ko yana so ya zauna alhali mai tambayar yana zaune daram tana sa shi jin nauyi ya ce a'a. Idan kuma ya ce ya gode ba ya buƙata, sai a rabu da shi ba tare da naci ba.

Akwai kuskure kishiyar wannan wanda masu kyakkyawar niyya suke faɗawa, wato su ga matashi zaune a keɓaɓɓiyar kujera su hau shi da faɗa a bainar jama'a. Ba kowace lalura ce ake gani da ido ba. Mai ciwon zuciya, mai sikila, wanda bai daɗe da fitowa daga tiyata ba, da matar da cikinta bai fito ba tukuna, dukansu suna iya zama kamar lafiyayyu alhali tsayuwa azaba ce gare su. Saboda irinsu ne hukumar sufuri ta Landan ta fito da wani baji a shekarar 2017, wanda mai lalurar da ba a gani yake maƙalawa a riga don neman a ba shi kujera ba sai ya yi bayani ba. Mai neman wa wani wuri ya yi magana ga jama'a gaba ɗaya, ya ce, "Don Allah ko akwai wanda zai taimaka wa Baba da wuri?" Ta haka mai iko zai tashi, mai uzuri kuma ba a tona masa asiri ba.

Filin keken guragu ya fi kujera tsanani, domin mai keke ba shi da wani wuri na biyu a cikin motar. Idan an cika filin da kaya ko keken jarirai, zama zai yi a tasha ya jira wata. Wannan batu ya kai har Kotun Ƙolin Birtaniya, bayan da wani mai amfani da keken guragu, Doug Paulley, ya kasa shiga bas saboda wata fasinja ta ƙi ɗauke keken jaririnta daga filin. A watan Janairun 2017 kotun ta yanke cewa bai wadatar direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba, wajibi ne ya ƙara matsawa idan ƙin ba shi da hujja. A ganina bai kamata a kai ga direba ya sa baki ba. Wanda ya ga mai keke a tasha ya fara tattara kayansa tun kafin a buɗe ƙofa, kuma kada ya kama keken ya tura da sunan taimako sai ya tambayi mai shi.

Sai hayaniya. Kunna waƙa, wasan kwaikwayo ko saƙon murya a lasifikar waya tilasta wa mutane ne su saurari abin da ba su zaɓa ba, kuma kyawun abin a wurin mai shi ba hujja ba ne. A yi amfani da abin saƙalawa a kunne, a kuma rage ƙara yadda na kusa ba zai ji ba. Idan kira ya zama dole, a taƙaita shi, a sassauta murya. Mutane da yawa sukan karanta lambar asusunsu ko adireshin gidansu da ƙarfi a gaban baƙin da ba su sani ba. Leƙen wayar maƙwabci da ɗaukar hoton fasinja ba da izininsa ba duk keta haddi ne. Abinci mai ƙarfin ƙamshi da abin sha marar murfi su jira a sauka, shara ta koma aljihu, mai tari ko atishawa ya rufe baki da hankici ko lanƙwasar gwiwar hannu, ba da tafin da zai kama ƙarfen da kowa ke kamawa ba.

Akwai abu guda da bai kamata a kira shi kuskure ba, domin laifi ne tsagwaronsa: fakewa da cunkoso a matsi mace ko a taɓa jikinta. Kuskuren a nan na masu kallo ne da suke kau da kai. Wanda ya lura da haka yana iya shiga tsakani ya tsaya, ko ya ce wa matar, "Baiwar Allah, zo ki zauna nan," ko ya sanar da direba. Namiji kuma a cikin cunkoso ya sa hannayensa inda ake ganinsu, ya bar tazara gwargwadon iko.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, don haka yadda ake gyara wa mutum kuskure shi ma wurin kuskure ne. Harara, tsaki da habaici ba sa matsar da jaka, sai dai su tayar da husuma. Magana ɗaya a hankali, kamar "Malam, don Allah a ɗan gyara," takan wadatar, domin ta bar wa mutum ƙofar gyarawa ba tare da ya ji kunya ba. Idan ya ƙi, a bar wa ma'aikatan motar, kada a mayar da bas filin dambe.

Direba ma yana da haƙƙi a kan fasinja. Jan shi da hira yana tuƙi, ɗora masa laifin cunkoson titi, da matsa masa ya tsaya inda ba tasha ba, duk suna raba masa hankali alhali rayukan mutane ne a hannunsa. A danna ƙararrawa sau ɗaya, da wuri, bayan an bar tashar da ke kafin ta mutum, domin dannawa a ƙurarren lokaci ita ke sa a taka birki da ƙarfi na tsaye su zube. Wanda bas ta riga ta tashi ta bar shi kada ya bi ta da gudu yana dukan jikinta, tayoyin baya suna kusa da ƙafarsa fiye da yadda yake zato. Bayan an sauka kuma a matsa daga bakin ƙofa kafin a tsaya duba waya, a kuma guji tsallaka titi ta gaban motar, saboda direba ba ya ganin abin da ke daf da gabansa sosai, jikin bas ɗin kuma yana kare mai tsallakawa daga idon masu ababen hawa da ke zuwa ta gefenta. A jira ta tashi, titi ya bayyana ta ɓangarorin biyu, sa'an nan a tsallaka.