Kurakuran da waɗanda ake bi bashi ke yi wajen ajiye gwal don biya

Tunanin ajiye gwal saboda bashi yana da tushe. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, farashin gwal kuma ya bi ta. Wanda ake bi bashin naira alhali yana da sarƙa a ajiye ya samu sauƙi. Sai dai dabarar tana aiki ne kawai idan bashin ba ya ƙaruwa, kuma an san ranar biyansa.

Babban kuskure shi ne riƙe gwal a akwati ga bashi mai ruwa yana hauhawa. Na banki ko na manhajojin waya kowane wata ƙaruwa yake yi, gwal kuwa ba ya haihuwa, kuma yakan faɗi. A Satumban 2011 oza ɗaya, wato giram 31.1, ta kai wajen dala 1,900, amma a Disamban 2015 ta sauko kusan 1,050. In kana da irin wannan bashin, sayar ka biya yau. Ko bashin ɗan'uwa ne marar ruwa, in lokaci ya yi ba a jiran farashi ya tashi, domin hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mai hali zalunci ne.

Sai sayen kayan ado masu aiki da yawa. Ranar saye kana biyan kuɗin ƙira, har duwatsun jiki a kan auna maka su da farashin gwal. Ranar sayarwa 'yan gwal za su cire duwatsun, ba kuma wanda zai mayar maka da kuɗin ƙira. Nemi awarwaro ko zobe marar ado, kuma kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi mai shago nawa zai saya in ka dawo da shi gobe. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu asara ce da ka ɗauka tun ranar farko.

Karat, wato ma'aunin yawan zallar zinariya a jikin gwal, shi ma yana ruɗar mutane. Duba lambar da aka buga a jiki: 750 ita ce karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Sarƙa mai giram 20 a karat 18, giram 15 ne kawai zallar zinariya a cikinta, a karat 21 kuwa 17.5. Ana buga lambar jabu, don haka a gwada a dutse da asid, a auna a sikeli a gabanka, a rubuta giram da karat a rasit.

Kada ka karɓi gwal bashi don ka sayar ka toshe wani bashin. Mafi yawan malaman wannan zamani suna ganin musayar zinariya da kuɗi dole ta kasance hannu da hannu, ga shi kuma za ka saya da tsada ka sayar da araha.

Da yawa suna mantawa da zakka. Gwal na ajiya ba ɗaya yake da wanda mace ke sawa don kwalliya ba. In ya kai giram 85 ya shekara, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. A mazhabar Malikiyya ana fara cire bashin in mutum ba shi da wata kadara da za ta biya shi, sannan a duba ko ragowar ta kai nisabi.