Idan Rigarka Ta Jawo Magana a Jirgin Amurka: Yadda Za Ka Tsira da Kujerarka da Haƙƙinka

A watan Oktoban 2005 wata mata ta hau jirgin Southwest daga Los Angeles za ta Portland, sanye da tishat mai hoton Shugaba George W. Bush da Dick Cheney da Condoleezza Rice, an kuma haɗa da kalmar ashar. Wasu fasinjoji suka yi ƙorafi. Da jirgin ya ya da zango a Reno, ma'aikata suka nemi ta rufe rubutun, magana ba ta daidaita ba, jirgi ya tashi ya bar ta. Ta ce an tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki. A ido na doka ba a tauye ba, kuma sanin dalilin shi ne rabin dabarar.

Gyara na Farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ke kare wannan 'yancin, hannun gwamnati ya ɗaure. A shari'ar Cohen da California ta 1971, wani mutum ya shiga ginin kotu a Los Angeles da kwat mai ɗauke da ashar a kan dokar tilasta wa matasa shiga soja, aka yanke masa kwana 30, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Da wannan kwat ɗin zai nufi ƙofar jirgin Delta yau, za a iya mayar da shi, kuma babu alƙalin da zai ce an karya kundin tsarin mulki. Delta ba gwamnati ba ce. Jirgin nata ne, kai kuma lokacin da ka biya kuɗin tikiti ka amince da sharuɗɗanta, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Kafin ranar tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane kamfani yana da takardar sharuɗɗan ɗaukar fasinja, kuma dokar Amurka ta wajabta masa sanya ta a shafinsa na intanet. Kada tsawonta ya ba ka tsoro, ɓangare ɗaya kake nema: wanda ya lissafa dalilan ƙin ɗaukar fasinja. A United ƙa'ida ta 21 ce. Ta ambaci mai tafiya ba takalmi, da wanda bai suturta jikinsa ba, da mai tufafin batsa ko na cin zarafi. American ta taƙaita nata a layi ɗaya: a yi shiga ta mutunci, ba ƙafa tsirara, ba tufafi masu cin zarafi. Na Delta ya fi faɗi, domin ya haɗa hali da sutura da tsabta da warin jiki, duk wanda zai iya damun sauran fasinjoji fiye da ƙima. A Janairun 2025 Spirit ta ƙara wa nata bayani, ta ambaci tufafi shara-shara da bayyana al'aura, har da zanen jiki mai batsa.

Ka lura babu ɗaya daga cikinsu da ya ba da awo. Ba a ce tsawon siket santimita kaza ba, ba a jero kalmomin da aka haramta ba. Da gangan aka bar shi haka, don hukunci ya zama na ma'aikacin da ke tsaye gabanka. Shi ya sa riga ɗaya takan wuce lafiya a Atlanta da safe, ta maƙale a Denver da yamma. Cewa "ai da ita na zo a jirgin farko" gaskiya ce, amma ba ta ɗaure kowa.

Abu biyu sukan ruɗa mutane a nan. Na farko, idan ka sayi tikiti a wani kamfani amma jirgin na abokin hulɗarsa ne, ma'aikatan mai jirgin ne za su yanke hukunci, saboda haka sharuɗɗansu za ka duba. Na biyu, tikitin alfarma da ma'aikatan kamfani ke ba iyalansu yana da tasa ƙa'idar sutura, mai tsauri. A Maris ɗin 2017 an hana wasu 'yan mata biyu hawa jirgin United daga Denver zuwa Minneapolis saboda matsattsen wando. Duniya ta yi ta surutu, amma tikitin alfarma suke riƙe da shi. Mai cikakken tikiti da irin wannan wandon zai wuce.

Sai jakar hannu. Sa riga ɗaya marar rubutu, mai dogon hannu, a saman kaya inda hannu zai kai cikin daƙiƙa goma. Mace ta ƙara da mayafi ko gyale babba. Kada ka sa su a akwatin da za a kai ƙarƙashin jirgi, domin idan ya shige ba ka sake ganinsa sai an sauka. Magungunanka da fasfo da cajar waya ma su zauna a jakar hannu: a tafiyar cikin gida akwatinka na iya wucewa ko da an sauke ka.

Abin da ya fi jawo magana an san shi: kalmar ashar a rubuce ɓaro-ɓaro, hoton tsiraici, alamar ƙiyayya ga wata ƙabila ko addini, da duk wata raha da ta shafi bam ko sace jirgi. Wannan ta ƙarshen ba ta tsayawa a batun ɗa'a, tana shiga tsaro. Sashe na 44902 na kundi na 49 na dokokin tarayya ya ba kamfani ikon ƙin ɗaukar wanda ya ga yana iya zama barazana ga lafiyar jirgi, kotuna kuma ba sa tsoma baki sai an nuna hukuncin na son rai ne marar tushe. Ra'ayin siyasa kaɗai, ba tare da ashar ba, yawanci yana wucewa.

Lokacin da aka yi maka magana

Kusan kullum da zaɓi ake farawa: ka rufe, ka juya rigar ciki waje, ko ka canza. Karɓi ɗaya nan take. Wanda ya ɗora riga a kai bai amsa laifi ba, bai kuma yafe haƙƙinsa na ƙorafi ba. Ya dai tsira da kujerarsa. Bayan ka rufe, tambaya cikin natsuwa wace ƙa'ida ce aka dogara da ita. Idan har yanzu a ƙofar shiga kake, nemi a kira maka shugaban ma'aikatan wurin, shi ne ke da ikon warware abin da ƙaramin ma'aikaci ya ƙulla. Kuma idan ka rufe, ka bar shi a rufe har a sauka. Komawar rubutun fili na iya jawo a sauke ka.

Cikin jirgi lissafi ya canza. Kyaftin ne mai magana ta ƙarshe, dokar Amurka ta ce haka, Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ma ta ba shi ikon sauke fasinja a tafiyar ƙasa da ƙasa. Idan ya ce ka sauka, tashi ka ɗauki jakarka. A nan ne mutane ke mayar da ƙaramar magana babba. Riga mai ashar ba laifi ba ce, amma katsalandan ga aikin ma'aikatan jirgi laifi ne. Hukumar FAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Amurka ta ci fasinjoji tara mai nauyi tun da ta tsaurara a Janairun 2021, tarar da a da takan kai dala 37,000 a kan laifi ɗaya. Wanda ya kai ga duka ko tsoratar da ma'aikaci, sashe na 46504 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20. Ga baƙo mai biza, kamun 'yan sanda kaɗai ya isa ya ɓata masa tafiye-tafiyen gaba. Ɗaga waya a fuskar ma'aikaciya ma ba dabara ba ce, wasu kamfanonin sun hana ɗaukar hoton ma'aikatansu ba izini, kuma yakan ƙara wa wuta fetur ne kawai.

Da ka sauko, kada ka bar wurin sai ka yi magana da mai kula da tikiti. Na'urarsu takan soke sauran zangon tafiya, har da na dawowa, idan ta ga ba ka hau wani zango ba. Ka ce a kare maka sauran, a mayar da kai jirgi na gaba, a gaya maka inda akwatinka yake. Sannan ka ɗauki hoton kanka tsaye, daga kai har ƙafa, da kayan da ke jikinka. Rubuta lambar jirgi, lambar ƙofa, lokaci, da ainihin kalmomin da aka faɗa maka tun ba ka manta ba. Idan wani fasinja ya ga abin da ya faru kuma ya yarda, karɓi lambarsa.

Kuɗi da ƙorafi

Kada ka sa rai da diyyar nan da ake biya har ninki huɗu na kuɗin tikiti. Ta wanda aka hana kujera ce saboda kamfani ya sayar da tikiti fiye da kujeru, ba ta shafi sutura ba. Yawancin sharuɗɗan sun taƙaita abin da za a biya ka ga kuɗin ɓangaren tikitin da ba ka yi amfani da shi ba, wasu ma sun ba kamfani damar hana ko sisi idan ya ɗauki abin rashin ɗa'a. Wannan ma wani dalili ne na sauka ba gardama.

Rubuta wa kamfanin ƙorafi, gajere, da hoto da kwafin katin shiga jirgi. Ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta ba shi kwana 30 ya shaida ya karɓa, kwana 60 ya ba da cikakkiyar amsa. Idan amsar ba ta gamsar ba, ofishin kare fasinjoji na ma'aikatar yana karɓar ƙorafi ta intanet, kyauta. Zuwa kotu kuwa hawa ne mai tsayi, domin dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jirage mara ta toshe ƙararraki da yawa na dokokin jihohi. Shari'ar American Airlines da Wolens ta 1995 ta bar ƙofa ɗaya: za ka iya ƙarar kamfani idan ya karya sharuɗɗan da shi da kansa ya rubuta.

Inda doka ke bayanka da gaske

Hijabi, niƙabi, rawani, babbar riga, jallabiya: waɗannan ba sa cikin "tufafin cin zarafi", kuma wannan ya shafi mai hawa jirgin Delta daga Legas zuwa Atlanta kai tsaye. Sashe na 40127 ya haramta wa kamfanin jirgi nuna bambanci saboda launin fata, ƙasar asali, addini, jinsi ko tsatso. A wurin bincike jami'an TSA, hukumar tsaron sufuri, na iya ƙara duba lulluɓin kai, amma mace ce ke taɓa mace, kuma kana iya neman a yi a keɓe.

A Agustan 2006, a filin jirgin JFK na New York, an tare wani ɗan asalin Iraƙi saboda tishat mai rubutun "Ba za mu yi shiru ba" da Larabci da Turanci. Sai da ya rufe ta aka bar shi ya hau jirgin JetBlue, aka kuma mayar da shi kujerar baya. Ya rufe, ya yi tafiyarsa, sannan ƙungiyar ACLU mai kare 'yancin jama'a ta shigar masa da ƙara. A Janairun 2009 aka sanar da sulhu a kan dala 240,000. Abin da ya ba ƙarar ƙarfi biyu ne: akwai jami'an gwamnati a ciki, wanda ya jawo Gyara na Farko, sannan babu ashar a rigar, haruffan Larabci ne suka tsone ido.

Saboda haka idan kana zargin bambanci, kalmar "'yancina" ba ta isa a takardar ƙorafi ba. Rubuta abin da za a iya gwadawa: wa aka bari ya wuce da irin shigarka, a wace kujera ya zauna, me ma'aikacin ya ce game da rubutun ko lulluɓin, kuma ƙarfe nawa. Ka zaɓi rukunin nuna bambanci a fom ɗin Ma'aikatar Sufuri, domin irin wannan ƙorafin ma'aikatar na duba shi ɗaya bayan ɗaya, ta kuma rubuto maka abin da ta gano.