Yadda ake hana kashe gargaɗi barkatai a cikin kod

Ana gab da miƙa aiki, ESLint, manhajar da ke duba kod ɗin JavaScript tana nuna kurakurai, ya cika allo da ƙorafi, sai wani ya liƙa `/* eslint-disable */` a saman fayil, shiru kake ji. Kuskuren yana nan daram, bakin mai faɗa kawai aka toshe. Hana kashe gargaɗi ɗungurungum ba zai yiwu ba, don wani lokaci na'urar ce ba ta gane ba. Sai dai a gindaya sharaɗi, a bar wa kwamfuta gadi, tunda ita ba ta jin kunyar kowa.

Ka fara da ƙirga wuraren da aka riga aka kashe gargaɗi, da wannan umarni: `grep -rn "eslint-disable" src | wc -l`. Ka rubuta adadin ka ajiye.

Sai tawaga ta zauna ta amince da doka guda: layi ɗaya za a kashe wa gargaɗi, a ambaci sunan ƙa'idar, a faɗi dalili. Tun daga ESLint 7 na 2020 ana iya rubuta dalilin bayan karan ɗori biyu:

`// eslint-disable-next-line no-console -- saƙon da mai amfani zai gani ne`

Dalilin nan shi ne ƙashin bayan dokar. Wanda aka tilasta wa rubuta dalili yakan tsaya, ya yi tunani, ya ga gyaran ya fi sauƙi. Ni dai idan na ga "na ɗan lokaci ne" ba na karɓa. Na ɗan lokacin nan yakan shekara.

Daga nan ka girka wani ƙari na ESLint mai suna `@eslint-community/eslint-plugin-eslint-comments`, ka kunna ƙa'idojinsa biyu, `no-unlimited-disable` da `require-description`. Ta farko tana kama wanda bai ambaci ƙa'ida ba, ta biyu wanda bai faɗi dalili ba. A cikin `linterOptions` na fayil ɗin saitin ESLint kuma ka mai da `reportUnusedDisableDirectives` zuwa `"error"`, don a tono layukan kashe gargaɗi da amfaninsu ya ƙare.

A binciken da ke gudana kafin a haɗe kod, ka ƙara `--max-warnings 0`. Gargaɗi ɗaya, aiki ya tsaya.

Masu C da C++, taku ita ce kowane `#pragma GCC diagnostic ignored` (mai kashe gargaɗi) ya zauna tsakanin `push` da `pop`, waɗanda ke taƙaita shirun a tsakaninsu, musamman a fayil ɗin `.h`, in ba haka ba duk wanda ya jawo shi ya gaji shirun bai sani ba.

Tsofaffin da ka ƙirga kada ka ce za ka share su rana ɗaya. Duk wanda ya taɓa fayil ya gyara na cikinsa, ƙarshen wata ka sake ƙirgawa.