Yadda Ake Shirin Haihuwa a Ƙaramin Asibitin Ƙauye

Ni ungozomar asibiti ce. Shekara 16 ke nan ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti mai ɗaki uku a karkarar Jihar Katsina. Ba mu da likita, ba mu da ɗakin tiyata, ba mu da wurin ajiye jini. Duk da haka yawancin matan da ke zuwa hannunmu lafiya lau suke sauka, washegari su koma gida da ɗansu a hannu. Amma ƙanwata, ki riƙe wannan: rabin aikina karɓar haihuwa ne, ɗaya rabin kuwa gane haihuwar da ta fi ƙarfina, in tura ta babban asibiti tun da sauran lokaci. Wannan rabin na biyu ba ya yiwuwa sai ke da maigidanki kun shirya.

Ki fara zuwa awo da zarar kin tabbatar da ciki. Na san kunya, musamman a cikin fari, sai yarinya ta yi ta ɓoyo har ciki ya tona kansa a wata shida. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau 8 kafin ta haihu. A wurin awo ne nake duba hawan jini, domin idan ya kai 140 bisa 90 dole in sa miki ido saboda jijjiga. A nan nake gwada fitsari da yawan jininki, in laluba kwanciyar jariri, in ba ki ƙwayar ƙarin jini da allurar tatanas, da Fansida ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu. Kuma a nan zan gaya miki gaskiya idan haihuwarki ba ta wurina ba ce. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da wadda jaririnta ya kwanta a gicciye, da wadda jini ya taɓa ɓalle mata, duk babban asibiti nake rubuta musu. Kada ki ɗauka korar ki na yi.

Idan ciki ya shiga wata bakwai, ki zo mini da maigida, ko sau ɗaya ne. Abin da nake gaya wa maza bai canza ba: Malam, ka ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarka, cewa duk sa'ar da naƙuda ta tashi a fita da ita ko kana gari ko ba ka nan. Ban manta da wata baiwar Allah da aka kawo mini a amalanken shanu cikin damina ba. Tun magariba take zubar da jini, mijin yana ci-rani a Legas, wayarsa ba ta shiga, mutanen gida kuma babu mai iya cewa a tafi. Sai da asuba suka iso. Ta rayu, amma ɗan bai zo da rai ba, kuma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Bayan izini sai mota. A samu direba takamaimai, a rubuta lambarsa a bayan katin awo, a kuma tanadi na biyu. A garuruwa da dama na Arewa akwai 'yan ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, da suka karɓi horon ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, ku tambaya a tasha. A ware kuɗin mai da na magani a ajiye inda uwar miji ta sani. Sannan a tsayar da mutum biyu cikin dangi waɗanda suka yarda za su ba da jini, a gwada rukuninsu tun yanzu. Idan goyon ciki za ki tafi gidan iyayenki, ki tafi da katinki, a sake wannan shirin a can.

Kayan jaka ba su da wuya: zannuwa huɗu wankakku, audugar mata, sabulu, leda, safar hannu, hula da kayan jariri, fitila mai caji.

Ranar naƙuda, ki taho da zarar ciwon ya fara zuwa a jere, ko faya ta fashe. Don Allah kada ki sha wani jiƙo na ƙara naƙuda. Ba wanda ya san ƙarfinsa, yana iya matse mahaifa har ta yage. Addu'a kuwa ki yi ta yi, ni ma da ita nake aiki. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta zaman gida ba ce. Kan jariri ne ke danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samo asali, cutar da ke kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina neman gyara. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska, zazzaɓi, jariri ya daina motsi, hannu ko cibiya su riga kai fitowa: ko ɗaya aka gani, a tashi direba.

Da jariri ya faɗo, cikin minti ɗaya zan yi miki allurar oksitosin a cinya don mahaifa ta tsuke. Jinin da ya kai cikin ledar fiya-wata ɗaya, wato mililita 500, ya zama haɗari, ido kuwa yana ruɗin mutum wajen ƙiyasi. Shi ya sa nake murna da shimfiɗar leda mai ma'auni. Binciken da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya nuna auna jinin da haɗa magunguna nan take ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Ki tambayi ungozomarki ko suna da ita. Kuma ki haƙura ki yi awa 24 a wurinmu, ko da gida an matsu a ga jariri, domin a wannan tsakanin jini ya fi ɓallewa.

Jaririn a ƙirjinki zan ɗora shi, fata da fata, ya kama nono cikin awar farko. Dakashin nan da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinsa na farko. Wanka sai ya kwana ya wuni. Cibiya kuma maganin kulohezidin da zan ba ki kaɗai za a shafa, ban da man goge baki, ban da gasa ta da tsumma.

Ga Inna mai wankan jego, roƙona ɗaya ne: a sassauta zafin ruwa, a rage kanwa a kunu. Likitocin Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Idan mai jego ta fara haki ko ƙafafunta suka kumbura, a kawo ta ranar. In kuwa lafiya ƙalau ce, ina jiran ta a kwana na uku, da bayan suna, da kuma in ta yi arba'in, da jaririn da katinsa na rigakafi.