Yadda Ake Gane Ƙwarƙwata a Kan Yara da Yadda Ake Kawar da Ita

Idan yarinya ta yawaita sosa ƙeya da bayan kunne, musamman da daddare, uwa ta zaunar da ita a tsakar gida inda akwai haske, ta tsefe kitson, ta duba gindin gashi. Ƙwan ƙwarƙwata yana manne da gashi ne, ba ya kaɗewa kamar amosani.

Ƙwarƙwata ba ta tashi, ba ta tsalle. Rarrafe take yi daga wannan kai zuwa wancan idan yara sun haɗa kai a makarantar allo ko kan tabarma ɗaya, wani lokacin kuma ta hanyar aron mataji, ɗankwali, hijabi ko hula. Ba alamar ƙazanta ba ce, don haka kada a kunyata yaro.

A shafa man gyaɗa, a raba gashin kashi-kashi, a taje da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana 3 ko 4 har mako 2. Idan ma'aikacin lafiya ya ba da maganin shafawa irin su permethrin, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 9, domin ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe a lokacin. A wanke ɗankwali da rigar matashin kai da ruwan zafi, a duba sauran yaran gidan.

Ina roƙon iyaye, don Allah, kada a zuba kananzir, fiya-fiya ko maganin feshin gona a kan yaro, domin guba ne da ke ƙona fata, yana kuma iya kashewa.